Danshi a Ɗakin Giwa

Litinin, 23 ga Afrilu 1979, bayan la'asar

Giwa ta tsaya yau da ƙarfe goma da minti ashirin na safe.

Giwa ita ce kwamfutar da gwamnati ta saya wa Cibiyar Lissafi bara, lokacin da arzikin mai ya yi wa manya yawa har suka rasa abin saye. Masu gadi ne suka laƙa mata sunan, don sai da aka fasa bango kafin ta shiga. Ni ne darektan Cibiyar, Dakta Lawali Tambari. Na rubuta sunana ne don in matata Dije ta ba mai ƙosai littafin nan bayan raina, mai cin ƙosan ya san da wa yake magana.

Wata goma sha ɗaya ina bin layi a kan na'urar da nake shugabanta. Jerin ma'aikata ya wuce, sunayen alhazai sun wuce, ƙidayar jakunan jiha ta wuce sau biyu don an manta da wata gunduma. Yau aka zo kaina. Kati dubu huɗu da ɗari biyu, ruwan saman shekara hamsin na ƙasar Sakkwato, kowane kati da hudojinsa da Giwa ke karantawa. Shekara shida ina haɗa su, tun farin saba'in da uku da mutane suka yi shuka sau uku iri yana ƙonewa a ƙasa. Tambaya ɗaya nake son yi mata: wace rana ruwan shuka zai sauka, ba yayyafin da ke yaudarar manomi ba.

Ta ci kati goma sha tara ta shaƙe. Katin sun kumbura. Sai wani ƙauri ya taso, fitilunta suka mutu.

Ma'aunin danshi na jikin bango ya kamata ya nuna hamsin. Tamanin da ɗaya ya nuna. A Sakkwato, a watan Afrilu, inda in ka shanya riga kafin ka juya ta bushe.

Habiba mai huda mana kati ta dubi ma'aunin, ta dube ni. Ta haura arba'in, 'ya'yanta huɗu, mijinta ya rasu, kuma ta fi duk ɗalibin da na koyar a jami'a sanin halin na'urar nan. Makullin ɗakin biyu ne, ɗaya a hannunta, ɗaya a hannuna.

Ba zan yi maganar makulli ba.

Talata, 24 ga Afrilu, da hantsi

Danshi tamanin. An kafa kwamitin bincike.

Alhamis, 26 ga Afrilu, bayan azahar

Kwamitin mutum biyu ne: wani Manjo da aka turo daga sama, da Malam Tukur magatakarda mai rubuta abin da aka faɗa. Sun fara zama a ɗakin taro, inda fanka ta mutu tun azumi. Kafin rabin sa'a kakin Manjo ya jiƙe har ɗamara. Ya ce yana son ganin inda abin ya faru.

Na'urorin sanyaya ɗakin Giwa suna da janaretansu, don haka ko da ta mutu sanyi bai mutu ba. Manjo ya shiga, ya tsaya, ya lumshe ido. Da ya buɗe sai ya ce binciken nan babba ne, ba abin gaggawa ba, a kawo kujeru.

Ya ce, "Dakta, wannan abu, in yana da lafiya, me yake yi?"

Na yi masa bayanin ruwan shuka dalla-dalla, har da zane a kan allo.

Ya ce, "Wato boka ne."

Malam Tukur ya rubuta. Shekara bakwai na yi a Ingila ina karatun lissafi, ina cin dankali ba yaji, don a wayi gari a rubuta wannan a takardar gwamnati.

Daɓen ɗakin Giwa ba daɓe ba ne na gaskiya. Fale-falen katako ne a kan ƙafafun ƙarfe, ana iya ɗaga kowanne, ƙarƙashinsu kuma rami ne mai zurfin kamu biyu inda wayoyi ke bi, iska mai sanyi tana hurawa. Duk faɗin ɗakin nan, Manjo bai ga inda zai ajiye kujerarsa ba sai kan falle na bakwai daga ƙofa. Ya ce yana jin wani ƙamshi kamar na kasuwa. Na ce waya ce ta ƙone.

Asabar, 28 ga Afrilu, bayan la'asar

Alhaji Muntari, yayan Dije, ya zo gida Ƙofar Taramniya da buta biyu a bayan motarsa.

"Dakta, ƙaƙa aiki? Na ji an ce giwarku ta hwaɗi."

"Ta tsaya, Alhaji."

"Allah shi tashe ta. To sanyin fa, shi bai tsaya ba ko?"

"Sanyi yana nan."

"Alhamdu lillahi. Don yau ranar yayyahi ta. Goro in ya kwana bakwai bai sha ruwa ba, sai shi yamutse. Huhu takwas, duk marsa, ba abin wasa na ba."

Na ce masa soja ne ke zaune a kan kayan nasa. Ya ce, "To mi? Soja ba su cin goro?"

Mutumin nan shi ne waliyyin Dije. Lokacin da danginsu suka ce ba za a ba ɗan boko mai cin tuwo da cokali ɗiyarsu ba, shi ya tashi a zaure ya ce ya ba ni. Shekara ashirin da shida ke nan ban taɓa kallon idonsa na ce a'a ba. A watan Janairu ya kai mini ziyara ofis, ya ji sanyi, ya taka daɓe ya ji yana amsa kuwwa, ya tambayi abin da ke ƙasa. Ni da bakina na ɗaga masa falle don in burge shi da wayoyi.

Na shiga ciki na ce wa Dije ta yi wa yayanta magana. Tana tsince shinkafa, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ni ban ce ka ba shi ba, Malam. Cewa niy yi yayana na."

Ba zan yi maganar makulli ba. Ya dawo da shi kafin magariba.

Litinin, 30 ga Afrilu, da hantsi

Danshi tamanin da huɗu.

Laraba, 2 ga Mayu, bayan azahar

Wasiƙa daga Halkro, Baturen da muka zauna benci ɗaya a Ingila. Yanzu yana Amurka cikin masu ƙera manyan na'urori. Ya ce tasu ta yanzu tana yin lissafi miliyan ɗari kafin ƙiftawar ido, da ita ake duba hadari da guguwar teku. Ya ce yaya ruwan samana.

Ni nake duba masa aikin gida. Sau biyu na fid da shi daga hannun farfesa. Da aka gama an roƙe ni in zauna, na ce ƙasata tana jirana. Ta jira kuwa. Ta ba ni aji mai ɗalibi tara da allo, shekara goma sha huɗu ina koyar da yadda ake magana da na'urar da ba mu da ita. Ɗalibai su rubuta, ni in zama na'urar, in duba da jan biro.

Halkro ya ce da wani ruwa na musamman ake sanyaya tasu, yana bi ta ƙarƙashi. Mu ma muna da namu tsarin.

Juma'a, 4 ga Mayu, bayan sallah

Kwamiti ya gano buta.

Habiba a waje take alwala, gindin dogon yaro, amma a bayan ƙofa take ajiye butarta, don awakin ƙauyen Kwalkwalawa da ke kusa suna kifar mata da ita. Manjo ya ɗaga ta sama kamar ya kama bindiga.

"Wannan ta wace ce?"

"Tawa ta, yallaɓai."

"Me ke ciki?"

"Ruwa."

Malam Tukur ya ja layi biyu a ƙarƙashin ruwa. Sai Manjo ya juyo gare ni a matsayina na masani, ya ce ko buta tana iya jawo danshi. Na ce a ƙa'ida, duk ruwan da aka ajiye yana tashi. Gaskiya na faɗa. Kowane littafin kimiyya zai goyi bayana.

An dakatar da Habiba. Ranar sha takwas ga wata za a yanke hukunci, kuma Malam Tukur ya riga ya buga takardar kora don kada a ɓata lokaci. Ta miƙa makullinta, ta ɗauki gyalenta, ta nemi butarta aka ce shaida ce.

Da na koma ofis na tarar da ganye ɗaya a kan teburina, mai faɗi, mai laima, irin wanda ake naɗe goro. An ɗora masa jan birona don kada fanka ta ɗauke shi.

Asabar, 5 ga Mayu, bayan la'asar

Na ce Dije ta ce wa yayanta ba na nan. Ta ce masa ina nan, amma na ce ba na nan. Ya zauna a zaure har na fito.

Talata, 8 ga Mayu, da hantsi

Danshi tamanin da biyar. Buta ta kwana huɗu a kulle a ofishin Manjo, danshi bai sauka ba. Na nuna wa kwamiti hakan da fatan su yi tunani. Sun yi. Manjo ya ce danshin butar ne bai gama fita ba.

Na rubuta wa kwamiti takarda uku. Ta farko ta ɗora laifi a kan Turawan da suka ƙirƙiro daɓe mai rami. Ta biyu ta yi shafi huɗu a kan matsayin yayan mata a ƙasar Hausa. Ta uku ta fara da "An samu wani ya ari wani abu", na karanta ni ma ban gane ba. Dije ta hura wuta da su.

Injiniya zai zo daga Legas ƙarshen wata. In ina kan kujerata, zan sa katina. In ba na kai, jakuna za su sake shiga gabana har abada. Shekarata hamsin da shida. Ba wani abin da nake jira ban da wannan.

Alhamis, 10 ga Mayu, bayan la'asar

Na je Kwalkwalawa, gidan ƙanen Habiba inda take zaune. Ban san abin da na je faɗa ba.

Na tarar da katina a tsakar gida. Ashe ranar da aka dakatar da ita ta fita da akwatunan a ƙarƙashin gyale. Ta shimfiɗa tabarmi shida a inuwa, ta jera su bi da bi yadda suke, kowane tsibi da dutse a kai, ta ɗaure akuya.

"In rana ta taɓa su sai su lanƙwashe, Dakta. Inuwa da iska suka so. Kwana ukku sun koma daidai."

Na ce, "Habiba, maganar ganyen nan."

"Na sani tun Janairu. Wa kake tsammani ka gyara fallen in Alhaji ya bar shi a karkace?"

"To me ya hana ki faɗa wa Manjo?"

"Ba makullina na ba."

Ta kawo mini ruwa a moɗa. Ƙanenta ya zo ya gaishe ni, ya ce buhu ɗaya ne irin geronsa, in ya zuba a ƙasa bai tsira ba, ba na biyu. Ya ce yayarsa ta ce ina da injin da ya san ranar ruwa. Na ce ana gyara.

Zan tafi ta ce, "Dakta, kati na dubu ɗaya da ɗari da sha huɗu, ruwan talatin da ɗaya. Da inci kar rubuta shi, saura duk da milimita. Na gyara tun bara."

Tun bara. Na yi mata godiya. A mota na tuna ni na taɓa hana ta ƙarin girma don ba ta da takardar shaida.

Asabar, 12 ga Mayu, bayan la'asar

Alhaji Muntari ya zo da babbar mota. Ya samu mai saye daga Birnin Ƙonni, yana son kwashe kaya duka yau.

Sati uku ina roƙon Allah ya kawo wannan rana. Har na sa hannu a aljihu zan zaro makulli. Sai lissafin ya zo mini da kansa, irin wanda ko ɗan aji biyu zai yi. In goro ya fita yau, Litinin danshi ya koma hamsin. Buta ta fita, danshi ya sauka, Malam Tukur ya ja layi uku. Ni in sa katina, Habiba ta koma sayar da ƙuli.

Na ce, "Alhaji, ba zan ba da shi ba."

Ya duba bayansa ya ga ko da wani nake.

"Lawali, wancan sati kana roƙo in kwashe, yau na zo kwasa kana cewa in bari. Wanga karatu naku, haka yake yi ma mutum?"

"Haka yake yi, Alhaji."

"Ni nib ba ka Dije."

"Na sani."

"To sai ka ba goron ruwa da kanka. Buta ɗaya da rabi, bisa ganye, ba bisa goro ba."

Ya tafi bai sha furar da aka dama masa ba. Ban ba goro ruwa ba. Wannan kaɗai zan iya cewa don kare kaina.

Alhamis, 17 ga Mayu, bayan azahar

Dije ta fiddo kwat ɗina ta Ingila ta goge ba tare da na ce mata ba. Asu ya ci aljihu ɗaya.

Juma'a, 18 ga Mayu, bayan la'asar

Ƙarfe sha biyu aka zauna. Habiba tana tsaye bakin ƙofa, buta tana kan tebur da takarda ɗaure a wuyanta. Manjo ya fara karanta hukunci. Na tashi na ce ina da magana. Ya ce lokacin masana ya wuce. Na ce to ya ɗan janye kujerarsa.

Bai saba a ce masa ya janye ba, ina jin mamaki ne ya ɗaga shi. Na durƙusa cikin kwat, na ɗaga falle na bakwai, da na takwas, da na tara.

Ƙamshin ya cika ɗaki. Huhu takwas a jere tsakanin wayoyin gwamnati, ganye shar, ruwa ya kwanta a ƙasan biyu daga ciki.

Malam Tukur ya sunkuya ya zura hannu ya zaro ɗaya, ya juya shi a haske.

Ya ce, "Marsa ce."

Manjo ya ce, "Na wane ne?"

Na ce na surukina ne, ni na ba shi makullina, duk Asabar tun Janairu yana zuwa ya yayyafa musu ruwa. Na ce buta ɗaya a rufe ba za ta iya ɗaga danshin ɗakin nan ko da ɗigo ba, kuma na san haka ranar da aka tambaye ni.

Manjo ya daɗe yana kallon ramin. Ya ce, "Sati uku ina zaune a kan wannan?"

"Ranka ya daɗe, da kwana ɗaya."

Abin da ya fi ɓata masa rai, na lura, shi ne bincike ya ƙare alhali damina ba ta faɗi ba.

Habiba ta ce, "Yallaɓai, in an gama da butata, azahar ta kusa."

Litinin, 21 ga Mayu, da hantsi

Takarda ta zo. Ritaya nan take, don amfanin jama'a. Habiba ta koma aiki, da gargaɗi a kan buta. Malam Tukur ne muƙaddashin darekta.

An riƙe goro a matsayin shaida. A rahoton Juma'a huhu takwas ne, a na yau shida.

Alhaji Muntari ba ya magana da ni. Ya aiko ta bakin Dije cewa bai taɓa ganin mutum marar riƙon amana irina ba.

Litinin, 28 ga Mayu, bayan azahar

Ban san danshi ba. Gidan nan ba ma'auni.

Asabar, 2 ga Yuni, bayan la'asar

Habiba ta zo da takarda naɗe a gyale.

Injiniya ya gama gyara ranar Laraba. Malam Tukur ya sa an kai masa katifa ɗakin Giwa, daga ƙarfe ɗaya zuwa uku yana duba na'ura ido rufe. Jiya a wannan lokacin ta sake huda goma sha taran da suka lalace, ta zuba katina duka. Ta ce ya juya sau ɗaya ya ce a rage ƙara.

Minti goma sha ɗaya. Shekara shida, minti goma sha ɗaya, kuma ba na wurin.

Layi ɗaya ne a ƙasan takardar: tara ga Yuni.

Ta ce, "Na gaya ma ƙanena kada shi taɓa buhu nai sai ranar."

Na ce wa ya sa ta? Na ce wannan gwaji ne na farko, ba a taɓa jarrabawa ba, akwai kuskuren da ya halatta na kwana biyar gaba da baya, Halkro ma da tasa ba ya rantsuwa.

"To mi kay yi shi don shi, Dakta?"

Ban taɓa kawo wa raina wani zai yarda ba. Na ƙi cin tuwo.

Alhamis, 7 ga Yuni, bayan la'asar

Hadari ya taso daga gabas, an yi ruwa kamar na minti ashirin. Gari ya ɗauki ƙamshin ƙasa, yara sun fita tsirara, masu gona sun bi hanya da sungumi. An ce duk Kwalkwalawa ta fita shuka ban da mutum ɗaya, yana zaune a kan buhunsa ana yi masa dariya.

Ina kan kujera a tsakar gida. Dije ta ce, "Malam, shigo, ruwa akai."

Na ce ba shi ba ne.

"To mi ka jiƙa ka?"

Da ya ɗauke na tona ƙasa da yatsa. Gaɓa ɗaya, ƙarƙashi busasshe.

Juma'a, 8 ga Yuni, bayan sallah

Rana. Ko gajimare ɗaya babu.

Asabar, 9 ga Yuni, da hantsi

Babu.

Asabar, 9 ga Yuni, dab da magariba

Ya fara ƙarfe uku saura, bai ɗauke ba sai yanzu. Indararo ya kasa, kwata ta cika, zaure yana yoyo wuri uku. Na tona gindin bango na zura hannu, laima ta wuce wuyan hannuna ban kai ƙarshenta ba. Gobe ƙanen Habiba zai yi shuka.

Waɗanda suka shuka ranar Alhamis su ma nasu zai tsira, tunda kwana biyu ne kawai tsakani. Wato bana ban ceci kowa ba. Dije ta ce kowa ya san za a yi ruwa, dubi zafin jiya.

Ruwan ya ritsa da Alhaji Muntari a unguwarmu, dole ya fake a zaurena. Mun zauna muna kallon yoyo. Takardar Giwa tana kan gwiwata, ya karɓa ya nisanta ta da idonsa ya karanta, ya leƙa waje, ya sake karantawa.

"Wanga aiki takan yi?"

"Shi ne, Alhaji."

"To mi hana ka hwaɗi tun hwarko? Da na sa goron can gehe."

Ya laluba aljihu ya fiddo ɗaya daga cikin huhu huɗun da aka mayar masa, ya ɓara, ya miƙo mini rabi. Na karɓa. Wata biyar da tsinka, ko yamutsa babu. Duk abin da za a ce game da Cibiyar da na shugabanta, ta iya riƙe goro.